Ma'aikatana sun fara raɗe-raɗin sallama, wane labari zan ba su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne manajan wani kamfanin rarraba kaya. Nan da wata uku za mu bar aikin takarda mu koma amfani da manhajar kwamfuta wajen lissafi da kula da sito, kuma gaskiya wasu za su rasa aikinsu. Tun ban yi sanarwa ba raɗe-raɗi ya cika kamfanin, har biyu daga cikin ƙwararrunmu sun fara neman aiki a wani wuri. Wani mai ba da shawara ya ce in tsara labari mai daɗi kan makomar kamfanin, kada in taɓo batun rage ma'aikata sai komai ya kankama. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, domin abin da mutumin nan ya ba ka shi ne kuskuren da na fi cin karo da shi a wannan aiki, wato ɗaukar labari a matsayin romon baka da ake rufe mummunan albishir da shi. Sana'ar ba kamfanoni shawara ta cika da 'yan ba-ni-na-iya waɗanda suka haddace kalmomi irin su "sabon babi" da "tafiya tare", su karɓi kuɗinsu su tafi, su bar manaja da mutanen da ba za su sake yarda da maganarsa ba.

Na sha zama a irin taron da wannan shawara take haifarwa. Shugaba ya tsaya gaban majigi yana nuna hotunan gobe mai haske, ya gama ya ce ko akwai tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ana fita, a bakin ƙofa, sai taron gaskiya ya fara, kuma a can ake yanke hukunci cewa tunda bai ambaci sallama ba, lallai abin ya fi yadda ake zato muni. Ma'aikatanka sun riga sun ga baƙin fuskoki suna zagaya sito da kwamfuta a hannu, sun kuma iya lissafi. Duk gurbin da ka bari a labarinka, su za su cike shi da abin da suka fi tsoro, kuma waɗanda za su fara tafiya su ne mafiya ƙwarewa, saboda su ne suke da inda za su. Ranar da takardun sallama suka fito kuwa, waɗanda suka rage za su tuna kowace kalma da ka faɗa a wancan taro. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a kamfani ya fi ƙurewa, domin gobe ma da mutanen nan za ka yi aiki.

Labarin da yake aiki yana faɗin inda aka fito, da abin da ya tilasta sauyin, da abin da za a rasa, da ranar da kowa zai san matsayinsa. Idan ba ka gama tantance kujerun da za su tafi ba, ka faɗi haka, ka sa rana, ka kuma cika ta. Ka bayyana haƙƙin da wanda aka sallama zai samu da horon da za a ba wanda ya rage.

Kafin ka buɗe baki, ka fara da saurare. Ka zauna da mai kula da sito wanda ya shekara da shekaru yana riƙe da babban littafin shigar kaya, wanda ko da ido rufe zai nuna maka inda kowane kwali yake. Sau da yawa za ka tarar damuwarsa ita ce yaron da ya koya wa aiki jiya shi zai riƙa koya masa danna maɓalli a gaban jama'a. Idan labarinka ya nuna cewa iliminsa ne za a zuba a cikin manhajar, kuma ka sa shi cikin masu gwada ta, ka samu mai kare sauyin. Kamfanin Coca-Cola ya koyi wannan darasi a 1985, lokacin da ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan gwaji a kan mutane kusan 200,000. An auna harshen mutane, amma ba a tambaye su abin da tsohon lemon yake nufi a wurinsu ba, sai ga shi cikin kwana 79 an dawo da shi.

Kada kuma ka faɗa ɗaya ramin, na tsoratarwa. A Fabrairun 2011 shugaban Nokia, Stephen Elop, ya rubuta wa ma'aikatansa cewa kamfanin yana tsaye ne a kan dandamalin da wuta take ci. Saƙon ya fita ga 'yan jarida, kwanaki kaɗan bayan haka aka sanar cewa wayoyin Nokia za su koma manhajar Microsoft, alhali Lumia, wayar Nokia ta farko mai wannan manhaja, ba ta shiga kasuwa ba sai a Nuwamba. Dillalai da masu saye sun ji cewa wayoyin Nokia da ke cikin shaguna sun zama tsohon yayi. Saboda haka duk abin da za ka faɗa wa ma'aikata, ka rubuta shi da sanin cewa abokan cinikinka za su ji shi.

Ka fara da shugabannin sassa a cikin makon nan, domin su ne ma'aikaci zai tara da tambaya idan ka bar ɗakin. Sannan ka kira mutane biyun nan da ke neman tafiya, ɗaya bayan ɗaya, ka gaya musu gaskiyar inda suke a sabon tsarin. Waɗanda za a sallama kuwa, amanar abincin iyalansu tana wuyanka, kuma wata ukun da kake da shi nasu ne su nemi mafita. Ka ji tsoron Allah, kada ka cinye musu shi da daɗin baki don kawai sito ya ci gaba da tafiya lami lafiya.