Tambaya da Amsa: Awa Nawa Jirgi Ke Yi Daga Kano Zuwa Guangzhou?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma ina shirin zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya. Tikitina ya nuna za mu tashi daga Kano ƙarfe 1 na rana ran Litinin, mu sauka ƙarfe 4 na yammacin Talata. Ashe nisan har ya kai a yi awa 27 a hanya?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a je lafiya. Nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin Baiyun na Guangzhou ya kusa kilomita 11,000 idan aka miƙe, kuma da yake manyan jiragen fasinja kan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya, da akwai jirgin da ke tafiya kai tsaye, da awa 13 zuwa 14 sun isa. Sai dai fasinjan Kano yakan sauya jirgi a hanya, galibi a Addis Ababa ko Alƙahira.

Mu ɗauki hanyar Habasha. Daga Kano zuwa filin Bole na Addis Ababa kimanin kilomita 3,300 ne, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar, sannan daga can zuwa Guangzhou kimanin kilomita 8,000, wato awa goma da ɗoriya. Jimillar zaman cikin jirgi ke nan kusan awa 15.

Abin da ya kumbura maka lissafi shi ne agogo. Kamfanonin jirage suna rubuta kowane lokaci a tikiti da agogon garin da za a tashi ko a sauka, alhali agogon ƙasar Sin yana gaban na Najeriya da awa bakwai, na Habasha kuma yana gaban na Najeriya da awa biyu. Saboda haka lokacin da ka sauka ƙarfe 4 na yamma a Guangzhou, a Kano ƙarfe 9 na safe ne, ana ta buɗe shaguna a Kwari. Idan ka cire bakwai daga 27, saura 20, kuma cikin 20 ɗin nan kusan biyar duk jira ne a Addis Ababa. A ganina jiran awa biyar bai yi yawa ba, domin wanda ya zaɓi tikiti mai jiran awa ɗaya, da zarar jirgin farko ya ɗan makara, na biyu ya tafi ya bar shi.

A dawowa kuwa al'amarin juyawa yake yi: tikiti zai nuna kamar tafiyar ta gajarta, alhali sau da yawa jirgin da ya nufi yamma ya fi daɗewa a sama, saboda iskar da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama tana tunkararsa. Ka kuma lura da sallolinka a tafiyar zuwa, domin daren zai yi gajarta sosai, asuba za ta riske ku tun agogon hannunka na nuna tsakar dare.