Fentin da ya yamutse a jikin Landiroba ɗinka

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta bayaninka: an kawo maka tsarabar motar haɗi ta kamfanin Revell, wato ƙaramar motar roba da mutum ke haɗa sassanta da kansa, Landiroba Series III mai ma'aunin 1/24 (kashi ɗaya cikin 24 na girman ta gaske), ka karɓi ragowar fenti da tina (ruwan tsinka fenti) a wajen mai fentin mota ka shafa wa bodin, sai ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Kana tambaya ko za ta cetu, kuma yaya za ka mayar da ita irin wadda ke jigilar 'yan kasuwar ƙauye. Ka kwantar da hankalinka, kusan duk wanda ya fara wannan harka a nan sai da ya yi irin wannan ɓarnar. Ni motar Bitil ta kamfanin Tamiya na fara lalatawa, har yau tana cikin kwali ban iya jefar da ita ba.

Abin da ya faru shi ne, robar da ake yin waɗannan motoci da ita ana kiranta folistirin, kuma tinar masu fentin mota narkar da ita take yi. An yi ta ne don ƙarfe. Saboda haka kafin komai ka kankare ɗan wuri a ƙasan bodin da farce ka gani. In fentin ne kawai ya tattare, robar tana nan da santsinta, an gode Allah. Ka jiƙa bodin a man birki cikin mazubin da ke da murfi na 'yan sa'o'i, ka riƙa dubawa, sannan ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka wanke da sabulu sosai. Kada ka manta da shi a ciki kwana da kwanaki, roba na yin gautsi. Ka sa safar hannu, kuma ka ɓoye shi daga yara. In kuwa robar ce da kanta ta ci, ta yi ƙuraje, sai sanfefa: ka fara da mai lamba 600 da ruwa, ka koma 1000, ka ƙarasa da 2000. Sai dai a nan akwai asara, domin ƙusoshin rifit da layukan ƙofa suna iya shafewa. Tunda tsohuwar mota kake son yi, wannan bai kai abin kuka ba. Wa ya taɓa ganin Landiroban ƙauye mai sumul?

Da ka zo sake fenti, ka nemi fentin shimfiɗa da aka yi don roba, ka fesa shi siriri. Sannan duk fentin da za ka ɗora, ka fara gwada shi a jikin sandunan nan da sassan motar suke maƙale a kai, waɗanda mutane ke zubarwa. Roba ɗaya ce da ta bodin. Ni ban ƙara taɓa mota da sabon fenti ba sai ya kwana a jikin sandar na ga halinsa. Akwai kuma jerin ɗora nau'o'in fenti: fentin akirilik yana zama lafiya a kan fentin laka (lacquer) mai ƙarfi da ya bushe, amma in ka ɗora fentin laka a kan fentin enamel, ƙarƙashin zai tashi, ka koma gidan jiya.

Abin da takardar cikin kwali ba za ta gaya maka ba shi ne yanayinmu, don waɗanda suka rubuta ta a Jamus suke. A watan Maris da Afirilu, in ka fesa fenti da rana, yakan bushe a iska kafin ya sauka, jikin motar ya fito da kaushi kamar an barbaɗa yashi. Lokacin hunturu kuma ƙura ce. Ko ka rufe taga tana shigowa. Da damina, in iska ta cika danshi, fentin laka yakan yi hazo-hazo fari. Abin da na saba yi shi ne in fesa bayan sallar asuba, in yayyafa ruwa a ƙasa tukuna don ƙura ta kwanta, in riƙe gwangwanin kamar taƙi ɗaya daga motar, in bi sau uku sirara da hutun minti goma a tsakani. Da na gama sai in kifa babbar roba a kai, in ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinke. A waje nake yi, ba a ɗaki ba, warin nan ba abin shaƙa ba ne. Kuma kada ka shanya a rana. Na taɓa barin wata a gaban mota zan kai wa abokina ya gani, kafin in fito daga masallaci rufinta ya lanƙwashe.

Wajen haɗi, gam ɗin roba shi ne daidai, shi ma narkar da gefen biyu yake yi su zama abu ɗaya, don haka kaɗan ya isa, kuma sai ka kankare fenti a wurin da za su haɗu. Gilasai kuwa kada sufa gulu ya kusance su, tururinsa na mayar da su fari. Farin gam na kafintoci da tsinken sakace ya wadatar.

To, batun mayar da ita ta gida, nan ne daɗin yake. In ka taɓa yin motar kara ko ta langalanga da yarinta, hannunka ya riga ya sani, lissafi kawai za ka ƙara. Komai ka raba da 24. Motar gaske ta kusa mita huɗu da rabi, taka kuma wajen santimita 18 da rabi. Wayar da kaurinta ya kai milimita ɗaya tana daidai da bututu mai kusan inci guda, wato ita ce ta kariyar sama, ƙarfen ɗora kaya a kan rufin mota. Mutane da yawa suna sa waya mai kauri, sai kariyar ta fito kamar an yi ta da turken lantarki. Tamfol kuma takardar tishu ce: ka jiƙa ta da farin gam da aka tsinka da ruwa, ka lulluɓa a kan kaya, ta bushe da lanƙwasarta, sannan ka yi mata fenti. Igiya zaren ɗinki ne, ka ja shi a jikin kyandir don gashinsa ya kwanta. Buhuna kuma tsohon ƙyalle mai laushi, tsawon santimita huɗu.

Abu biyu nake so ka kula da su, don su ne mai ido zai fara kamawa. Na farko sitiyari. An ƙera Series III daga 1971 zuwa 1985, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama a Afirilun 1972, saboda haka sitiyarin hagu ya fi dacewa da motar da ta yi aiki a nan. Ka duba sassan kafin ka manna. Na biyu tsatsa. Bodin Landiroba na alminiyam ne, ba ya tsatsa. In fenti ya ɓare, fari-fari mai dushewa ake gani. Tsatsar tana shasi, da bangon da ke tsakanin inji da direba, da maƙalan ƙofa, da bututun hayaƙi. Na sha ganin hotunan aiki mai kyau da aka lalata da jan tsatsa a kan fikafikan gaba, wato bodin da ke saman tayoyin gaba.

Ƙura kuwa ba sai ka saya ba. Ka ɗebo jar ƙasa, ka niƙe ta, ka tankaɗe da ƙyalle, ka shafa da busasshen buroshi a bayan tayoyi, ƙasan ƙofofi da ƙofar baya, inda iska ke tara ta. A gilashin gaba ka manna takardar salatif da ka yanka daidai zagayen waifa kafin ka sa ƙurar, in ka cire za ka ga inda direba ke leƙe. Ka fara kankare ƙasan bodin nan ka gaya mana abin da ka gani, fenti ne ya tattare ko robar ce ta ci.