Me ya sa ba a jin labarin yaƙin jiragen sulke na farko na Rasha?

Tambaya: Na ga an ce tun a shekarun 1860 Rasha ta tara jiragen ruwan yaƙi masu sulken ƙarfe fiye da goma, amma ban taɓa jin inda suka gwabza da kowa ba. Shin ado ne kawai, ko kuwa wane aiki suka yi?

Amsa: Malam, ba ka ji ba ne don kusan babu abin da za a ji. Yawancinsu sun tsufa ba su taɓa harbin abokin gaba ba. Amma ba ado ba ne. Gadi aka ƙera su su yi, a ƙofar St. Petersburg, babban birnin Rasha na lokacin.

Tushen abin yaƙin Kirimiya ne. A watan Oktoba na 1855 Faransa ta jawo jiragen sulke uku gaban ganuwar Rasha ta Kinburn da ke bakin Bahar Aswad, suka yi ta luguden wuta har ta miƙa wuya, harsasan Rasha kuwa suna ta sulɓewa a jikinsu. Da Faransa ta saki babban jirgin sulke Gloire a 1859, Ingila ta bi da nata, Warrior, a 1860, sai Rasha ta gane jiragenta na katako ba za su tare hanyar St. Petersburg ba. Mashigin ruwan Finland ba shi da zurfi wajen sansanin Kronstadt da ke gadin birnin, saboda haka abin da ake bukata shi ne ganuwa mai tafiya, ba jirgin ƙetare teku ba.

Na farko shi ne Pervenets, ma'ana ɗan fari. A Landan aka ƙera shi, a masana'antar Thames Iron Works, da sulke mai kaurin inci 4.5 bisa katako mai kaurin inci 10. Amfanin katakon shi ne ya shanye bugun harsashi, kada kusoshi su tsinke farantin ya zube. A 1863 aka kawo shi gida ba a ma gama shi ba, don tawayen Polan ya ɗaga jijiyar wuya tsakanin Rasha da Ingila, ana tsoron a riƙe shi. Ƙannensa biyu, Ne Tron Menia da Kreml, a St. Petersburg aka yi su. Aikin ukun kusan ɗaya ne: koyar da harbin igwa. An cire Pervenets daga aiki a 1905, ya koma kwale-kwalen dakon kwal. Jirgin da Kreml ya taɓa nutsarwa kuwa na gida ne. A atisayen 1869 ya soki Oleg, jirgin katako na rundunarsu, da hancinsa na ƙarfe, mutum 16 suka rasu. Waɗannan jirage ba sa jin sitiyari, ga hanci da aka yi musamman don huda.

Sai monitoci goma, wato jiragen sulke masu kwanciya dab da ruwa, na samfurin Uragan, waɗanda aka kwaikwayo daga zanen John Ericsson na Amurka tsakanin 1863 da 1865. Biyu a Beljiyam aka yi sassansu, aka haɗa a Rasha. Kowanne na da rumbun ƙarfe guda mai juyawa da igwa biyu a ciki. Sulken rumbun faranti ne masu kaurin inci ɗaya-ɗaya da aka jera aka ɗaure, abin da bai kai faranti guda mai kauri ɗaya ƙarfi ba, sai dai ya fi sauƙin samu. Rumbun a kan sanda guda yake juyawa, sai an ɗan ɗaga shi kafin ya motsa. Da an ɗaga, ruwa ya sami hanya ta ƙasansa. An sauya musu igwa har sau biyu, daga mai inci 9 zuwa mai inci 15, sannan aka koma mai inci 9 mai zare a cikin baki, wadda ta fi huda ƙarfe. A 1900 aka sallame su duka. A tuna kuma ƙanƙara na rufe mashigin duk lokacin sanyi, don haka shekararsu ta aiki 'yan watanni ce.

Inda zanen ya nuna aibinsa shi ne Rusalka, wani jirgin monita na wani samfurin daban. Dabarar monita ita ce a nutsar da jiki, a bar kamar ƙafa biyu kacal a saman ruwa, ta yadda sulke kaɗan zai rufe abin da ke fili kuma maharbi ya rasa abin saiti. A ruwa mai kwanciya dabara ce. Da igiyar ruwa ta tashi kuwa, bisa bene take bi, sai an toshe kowace ƙofa da kafar iska, masu zuba kwal a ƙasa su rasa numfashi, tururi ya ragu, jirgi ya kasa fuskantar igiyar. Ranar 19 ga Satumba 1893 Rusalka ya bar Reval, wato Tallinn ta yau, zai tsallaka Helsinki. Guguwa ta same shi a tsakiya, ya ɓace da mutum 177. Sai a 2003 aka gano shi a zurfin mita 74, hancinsa soke a laka, gindinsa a sama, tsaye kamar turmi. A wannan jirgin ne Stepan Makarov, wanda daga baya ya zama babban kwamandan ruwa, ya yi aiki yana ƙaramin hafsa lokacin da jirgin ya bugi dutse a 1869, daga nan ya fara nazarin tabarmar toshe huda da yadda za a hana jirgi nutsewa.

Waɗanda suka ɗan shaƙi ƙurar yaƙi su ne na Bahar Aswad. Yarjejeniyar Paris ta 1856 ta hana Rasha ajiye rundunar ruwa a can, sai a 1871 aka ɗage. Nan ne aka harhaɗa Novgorod a 1873, jirgi mai da'ira kamar faifai, faɗinsa ƙafa 101, farfela shida, igwa biyu masu inci 11. A yaƙin Rasha da Turkiyya na 1877 zuwa 1878 shi da ɗan'uwansa Vitse-admiral Popov gadin tashar Odessa suka yi. Ainihin farmakin da aka kai wa jiragen Turkiyya ƙananan kwale-kwale masu nakiya ne suka kai shi, wasu a ƙarƙashin Makarov ɗin nan.