Tambaya da Amsa: Wai hadin gwiwa yana canza wani abu a harkar abinci kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren kungiyar manoman wake a garinmu. Kullum ana ce mana ku hada kai ku hada kai, mun yi rajista, muna taro duk wata, amma har yau da kaka muke karyar da wakenmu saboda tsoron kwari. Don Allah wannan hadin gwiwar da ake ta fada yana da amfani kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam sakatare, sannu da kokari. Yana da amfani sosai, sai dai abin da na lura a tambayarka shine duk wadanda ke zama a taronku manoma ne, matsalarku daya, abin da kuka sani daya, toh daga ina sabon abu zai shigo? Hadin gwiwar da ke motsa harkar abinci shine wanda ya hada mutanen da sana'arsu ta bambanta, kowa rike da abin da dan uwansa ba shi da shi.

Tunda maganar wake ka kawo, dauki labarin buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS. Dabarar ta samo asali ne tun karshen shekarun 1980, daga aikin masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu a Marwa, arewacin Kamaru. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu na saka a waje, a daure kowanne daban, iska bata shiga, kwaron ya shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba sai an zuba magani ko kadan ba. Amma fa shekaru da yawa abin bai kai ga yawancin manoma ba, don sani kawai baya sa buhu ya bayyana a kasuwar kauye. Sai a 2007 da aka kafa shirin da ya jawo kowa ciki, cibiyar binciken noma ta Nijar wato INRAN a Maradi da cibiyar binciken noma ta kasa da kasa wato IITA suna gwaji, malaman gona suna shiga kauyuka, kamfanin Lela Agro a Kano yana buga buhun, 'yan kasuwa suna kai shi kasuwannin mako, gidajen rediyo suna sanarwa da Hausa.

Abin da ya fi burge ni a ciki shine yadda aka shawo kan mutane. A gaban jama'a ake zuba waken wasu 'yan garin a daure, bayan wata hudu zuwa shida a sake tara gari a kwance buhun kowa yana kallo, mata su sa hannu su debo su ga babu huji babu gari, tsaf kamar ranar da aka casa. Wallahi wannan ya fi lacca goma. Kuma ba karamin abu ya gyara ba, don ka san yadda ake zuba fiya-fiya a wake mutane su ci su kwanta, har Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin kwari. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na bi mata, ka ga abin ya shafi tukunyar miliyoyin gidaje.

Yanzu ku. A taronku na gaba ku gayyato malamin gona na karamar hukumarku, da dila guda daya mai kai kaya Dawanau wanda kuka yarda da amanarsa, da mai shagon kayan gona da zai kawo muku buhun a sari kafin girbi ba bayansa ba. Matan da ke kosai da alala a garin ma a kira su, su ne masu sayen wake kullum kuma sun fi kowa sanin mai kyau. Sannan akwai maganar kudi, don ba kwari kadai ke sa a karyar da kaya ba, akwai bashin taki da hidimar gida. A Nijar kungiyoyi suna ajiye amfanin gona a sito da makulli biyu, daya a hannun kungiya daya a hannun bankin da ya ba da rance, sai farashi ya tashi a sayar a biya. Ku nemi karamin banki kusa da ku ku yi musu wannan maganar, ko ku fara da adashen kungiya.

Kuma ku tabbata waken ya bushe sosai kafin daurewa, a dora buhunan kan katako nesa da bango saboda bera, leda in ta huje aikin ya lalace.