Kyamarata ta jiƙe bayan na ɗauki hasken arewa, ta mutu ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Edmonton, Kanada. Makon jiya na je gandun dajin Elk Island da dare don ɗaukar hoton hasken arewa (aurora), wato hasken nan mai launi da ke bayyana a sama da dare a ƙasashen arewacin duniya, sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili. Batir biyu suka mutu kafin awa guda. Ina shiga gida kyamarar ta jiƙe sharkaf, har cikin idonta hazo. Abokan zamana suka ce in ɗora ta kan hita, in kuma binne ta cikin shinkafa, duk na yi. Yanzu tana kunnuwa tana ɗaukewa. Da ƙyar na tara kuɗinta, hankalina a tashe yake. Ga shi ina so in koma in ɗauki ɓaunar gandun.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fara cire batirin yanzu, kafin ka ƙarasa karatun nan, kuma ka daina kunna ta don ka ga ko ta warke. Duk kunnawar da ka yi alhali da laima a ciki, wuta kake bi da ita ta cikin ruwa, kuma da haka tsatsa ke cin hanyoyin lantarkin.

Mutane na ɗora wa sanyi laifin da ba nasa ba. Gaskiya ne yawancin kyamarori an rubuta musu digiri 0 zuwa 40, wasu kamar Nikon Z9 da OM System OM-1 har 10 ƙasa da sifili, amma ana aiki da su a sanyin da ya fi haka su dawo lafiya. Iskar waje a irin wannan dare busasshiya ce ƙayau. Ɓarnar a bakin ƙofar gida take faruwa. Ɗaki mai ɗumin digiri 21 da laima kashi 40 cikin ɗari zai sauke raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 7, kamar yadda kwalbar ruwa ke zufa in an fito da ita daga firij. Taka kyamarar ta shigo da sanyin 25 ƙasa da sifili. Raɓar kuwa ba ta tsaya a inda kake gogewa da tsumma ba, duk inda iska ta kutsa ta sauka: tsakanin gilasan ido, kan sensa (abin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto), kan allon lantarki.

Sai maganar hita da shinkafa, wadda kullum ake maimaita ta kamar wahayi. Hita tana ɗumama bayan kyamara, cikinta na nan da sanyi. Ruwan da ke waje ya zama tururi, ya shige ciki, ya sake kwantawa a wurin da ya fi sanyi, wato daidai inda ba ka so. Zafin kuma yana tsinka man da ke cikin zoben ido ya malala inda bai kamata ba. Na'urar busar da gashi ta fi muni, don ita hura laimar take yi ciki da ƙarfi, har da ƙura. Shinkafa kuwa ba ta da wani ikon zuƙo ruwa daga cikin rufaffen akwati. Abin da take bayarwa garin sitaci ne da ɓarɓashi a ramin batir da na mimori. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone da kada su sa jiƙaƙƙiyar waya cikin shinkafa, amma har yau ana yawo da maganar a WhatsApp. Wanda kayansa ya tashi bayan kwana biyu a buhu, kwana biyun ne suka busar da shi. Akwai kuma masu cewa a mayar da ita waje "ta huce". Wannan shi ne mafi wauta: ruwan da ke ciki zai daskare, ƙanƙara kuma tana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, tana iya cije shata (labulen da ke buɗewa haske ya shiga) da injin saita gani.

Ga abin yi. Cire batir da mimori, raba ido da jikin kyamara, buɗe duk murafan, ka kifa jikin bakinsa ƙasa. Zuba jikin da idon a roba mai rufuwa gam tare da ƙullin silika masu yawa (ƙananan ƙullin nan masu tsotse laima), a ɗumin ɗaki, kwana biyu zuwa uku. In bayan haka tana ɗaukewa, kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke allon tun tsatsar ba ta yi nisa ba. Ka riƙa haska idon da tocila nan da 'yan watanni, don funfuna ba ta bayyana nan take.

Nan gaba, tun kana waje ka zare mimori da batir ka sa aljihu, ka sa kyamarar a leda mai zif, ka matse iskar ka rufe. Raɓar za ta sauka a bayan ledar. Bar ta awa biyu zuwa uku, babban ido ya fi haka. Mota mai ɗumi ma ɗaki ce, dokar ɗaya ce.

Batiranka ba su mutu ba. Sanyi ne ya sa ƙarfin wutarsu ya faɗi, kyamara ta ɗauka babu caji. Aljihun ciki, kusa da jiki, yana dawo da su, sai ka riƙa musanyawa. Amma kada ka kuskura ka yi cajin batirin litiyam yana ƙasa da sifili. Ƙarfen litiyam yana taruwa a ciki, ba ya gyaruwa, yana ma iya haddasa gobara. Nikon na cewa a yi caji tsakanin digiri 5 da 35.

Don hasken arewa fara da faɗin ƙofar ido f/2.8, ISO (ƙarfin jin haske) 1600 zuwa 3200, shata a buɗe daƙiƙa 5 zuwa 10. In hasken yana rawa da sauri sauko zuwa daƙiƙa 2. Saita gani da hannu a kan tauraro mai haske, don alamar nesa da ke jikin ido tana gocewa da sanyi. Kada ka hura wa gilashi numfashi, daskarewa zai yi, kuma kada ka kama ƙarfen mazaunin kyamara da hannu ba safa.

Da rana farin ƙanƙara yana ruɗin ma'aunin haske, hoto ya fito da duhu, sai ka ƙara haske mataki ɗaya zuwa biyu. Ɓauna kuwa hukumar gandun dajin Kanada ta ce a ba ta tazarar mita 100. Nemi ido mai jawo nesa, mai milimita 400 ko fiye, in dabbar ta daina kiwo ta ɗaga wutsiya tana kallonka, ja da baya.