Ɓoye maɓalli daban, kulle shafi daban

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana gina wa wani mai shagon sari manhaja, masu amfani da ita su ne maigida, manaja, masu karɓar kuɗi da mai kula da sito, kuma ka ɓoye wa kowa maɓallan da ba nasa ba, kana tambaya ko hakan ya wadatar. Bai wadatar ba. Ni ma haka na fara, kuma na ji a jikina.

Shekarun baya na yi wa wani Alhaji irin wannan aikin, yana da rassa uku. A babban shagon kwamfuta ɗaya ce a kan kanta. Da safe manaja ya duba rahoto, ya fita daga asusunsa kamar yadda aka koya masa, yaron da ke karɓar kuɗi ya shiga da nasa. Yana buga harafin farko a wurin adireshi, sai Chrome ya cika masa sauran daga shafukan da aka taɓa buɗewa. Ya danna, shafin riba ya buɗe: nawa Alhaji ke saro kowane kwali, nawa yake ci a kai, wa yake bi bashi. Yaron bai yi wani kutse ba. Sabar tawa, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan manhajar tana turo shafuka, ita ce ke tambayar ko mutum ya shiga, ba ta tambayar ko wane ne shi. Ba a yi sati uku ba farashin sarin ya kai kunnen maƙwabtan shago. Ranar da Alhaji ya kira ni, ya juyo mini allon bai ɗaga murya ba, ya ce amana ya ba ni. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

To abin da nake so ka riƙe shi ne, duk abin da ke gudana a burauza ko a wayar ma'aikaci yana hannun ma'aikacin. Ɓoye maɓalli yana da amfani, yana rage ruɗani, amma hukunci a sabar ake yanke shi, a kan kowace buƙata da ta shigo. Wanda bai shiga ba a mayar masa da lambar amsa 401, wato sai ya shiga tukuna, wanda ya shiga amma ba hurumin sa ba ne a ba shi 403, wato an hana shi. Kuma ka fara da kulle komai, sannan ka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. In ka yi akasin haka, ranar da ka ƙara sabon shafi da daddare kana gyangyaɗi, a buɗe zai kwana.

Bayan na toshe wancan ramin sai na tarar da wasu biyu. Shafin sayarwa sunan kaya da farashi kawai yake nuna wa mai karɓar kuɗi, amma amsar da sabar ke turowa tana ɗauke da farashin sari a ciki. Duk wanda ya danna F12, maɓallin da ke buɗe kayan binciken burauza, zai gani. Abin da mutum bai da izinin gani kada ma ya baro sabar. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Adireshin rasit yana ƙarewa da lamba, misali 1045. Ka mayar da ita 1046, sai ga rasit ɗin wani reshe. Matsayin yaron daidai ne, yana da izinin duba rasit, amma ba wannan rasit ɗin ba. Ke nan tambayoyi biyu ne: yana da izinin wannan aikin? Kuma wannan bayanin na reshensa ne? Kada ka ɗauka mu ƙananan masu gini kaɗai ke faɗawa nan. A jerin haɗurra goma da OWASP, ƙungiyar da ke aiki kan tsaron manhajoji, ta fitar a 2021, karyewar tsarin izini ce ta zo ta ɗaya.

Sai batun yadda za ka tsara matsayin, a nan na fi son ka natsu. Kada ka cika manhajar da sharaɗin “in manaja ne”. Ba za a yi wata biyu ba maigida zai ce maka ɗansa ya dawo daga makaranta, a bar shi ya ga rahoto amma kada ya taɓa farashi. Ko ya ce manajan reshe kaza ya riƙa yin ragi, sauran kuwa a'a. In sunan matsayi ka bi, sai ka buɗe fayil ashirin kana gyara. Ka rubuta ayyukan da kansu: duba riba, sauya farashi, soke rasit, yin ragi, shigar da kaya sito. Matsayi ya zama ƙunshin ayyuka, mutum kuma a ɗora shi kan matsayi. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1992 Ferraiolo da Kuhn na NIST, hukumar ƙa'idoji da fasaha ta Amurka, suka bayyana shi. A cikin kayan gina manhaja, in Django kake amfani da shi, rukunoni da izini suna nan a ciki. In Laravel ne, akwai Gate da Policy na duba izini, ga kuma ƙunshin Spatie da ake ƙarawa. Ni kafin in rubuta komai, nakan zauna da maigida da takarda da biro, ayyuka a tsaye, matsayi a kwance, muna sa alama. A nan ne zai tuna cewa bai yarda wanda ya karɓi kuɗi ya soke rasit da kansa ba.

Akwai abin da babu manhajar da za ta gyara maka sai da baki. Maigida zai tafi masallaci ya bar asusunsa a buɗe, ko ya faɗa wa yaro kalmar sirrinsa a waya don a yi wa wani ragi. Ka sa asusu ya kulle kansa bayan ƴan mintuna, kowa ya sami nasa, kuma a ajiye tarihin wanda ya soke ko ya sauya abu da lokacin da ya yi. Ka nuna masa tarihin nan da idonsa, shi ke sa ya daina raba kalmar sirri. Ka tuna kuma littafin bashi yana ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe su.

Ranar da aka sallami ma'aikaci fa? In matsayinsa a cikin JWT ka rubuta, wato tikitin shaida da sabar ke ba mutum bayan ya shiga, tikitin zai ci gaba da aiki har wa'adinsa ya cika, don haka ka gajarta wa'adin ko ka riƙa duba rumbun bayanai.

Kafin ka miƙa aikin, shiga a matsayin maigida ka kwafe adireshin kowane shafi, ka fita, ka shiga a matsayin mai karɓar kuɗi ka liƙa su ɗaya bayan ɗaya, kana sauya lambobin ƙarshe. Faɗa mana da me kake ginawa, sai in nuna maka inda za ka sa binciken.