Amsa ga ƙanena da hoton babur ya sa shi son zuwa Indiya

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ba kai kaɗai ba ne. Tun da na sa hoton nan da nake tsaye jikin babur, dusar ƙanƙara a bayana, wayata ba ta huta ba. Ka ce in nema maka makaranta mai sauƙin kuɗi a Indiya, in gaya maka nawa ake sayar da irin babur ɗin, domin kai ma kana so ka riƙa zagaya duwatsu lokacin hutu. Na lura maganar babur ta fi ta makaranta tsawo a saƙon naka, kuma hakan bai yi min daɗi ba. Zan amsa maka a fili don sauran masu tambaya su karanta, kuma da abin da hoton bai nuna ba zan fara.

Hanyar Manali zuwa Leh ce, a can ƙuryar arewacin Indiya, kusan kilomita 430 tun da aka buɗe ramin Atal, hanyar mota da aka huda ta cikin dutse, a 2020. Daga wajen Yuni zuwa Oktoba kawai ake bin ta, sauran shekara ƙanƙara ta toshe ta. A ƙauyen Tandi da ke kan hanyar akwai allon da ya daɗe yana gaya wa matafiya cewa gidan mai na gaba yana kilomita 365. Kano da ka tashi a cikinta ba ta kai mita 500 sama da teku ba, nan kuwa mashigar Tanglang La ta haura mita 5,300. Iskar da kake shaƙa a can ba ta kai kashi 60 cikin 100 na wadda ka saba ba. Ɗaure takalmi ma sai ka yi haki.

Bayan zangon Sarchu akwai hawan Gata, lanƙwasa 21 masu kaifi, ɗaya bisa ɗaya. Ina tsakiyarsu, a bayan wata tankar mai da ke jan ciki, na matsa hannun kuloci don in sauko giya ɗaya. Sai na ji "tas", hannun ya zo ya manne da kan babur, ba nauyi ko kaɗan. Tanka ta ƙara rage gudu, na taka birki, inji ya shaƙe ya mutu. Ga ni a kan hawa, rami a gefena, da Royal Enfield mai nauyin kusan kilo 200 ban da kaya.

Wayar kuloci ba ta tsinkewa haka kawai, sai ta yi gargaɗi. Zaruruwan ƙarfe ne aka murɗe wuri ɗaya cikin kube, da ɗan kullutu a kowane baki. Kusan kullum a bakin sama take cinyewa, inda kullutun ke juyawa cikin hannun kuloci. In wurin ya bushe ba giris, kullutun ya daina juyawa, wayar ce ke lanƙwashewa duk matsawa, zaruruwan su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya kamar igiyar guga a bakin rijiya. Alamarta hannun ya yi tauri, ko ya riƙa ƙaras-ƙaras, ko ka ga wasansa yana ƙaruwa kullum kana ɗaurewa. Wasan da ake so milimita 2 zuwa 3 ne. Ka janye robar da ke rufe wurin ka duba da idonka kowace safiya. In ka ga zare ko ɗaya ya miƙe, wannan waya ta gama aiki.

Babur ɗin haya ne, daga wani shago a Manali. Na nemi wayar ajiya, mai shagon ya miƙo min ɗaya a leda, ya rantse ta wannan babur ce. Da na warware ta a kan dutsen, ashe ta wani samfurin ce, ta gaza da kusan tsawon yatsa. Wallahi a lokacin raina ya ɓaci fiye da sanyin da nake ji. Shi ya sa masu dogon zango ba sa yarda da waya a leda. Tun a gari suke gwada sabuwa, sannan su bi da ita jikin tsohuwar daga kan babur har inji, su ɗaure da igiyar roba, su toshe bakunanta da salatif don ƙura. In ta tsinke, kullutu biyu kawai za ka sauya ka wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya cece ni fulaya mai kulle ce, wadda ke cije abu ta riƙe da kanta. Tunda a sama wayar ta yanke, sauran tsawonta lafiya lau. Na zare kuben daga hannun kuloci, na sassauta notin saiti na ƙasa wajen inji har bakin wayar ya leƙo kamar faɗin yatsa biyu, na mayar da kuben mazauninsa, na cije bakin wayar da fulayar. Ita ta zama hannun kulocina, in ja ta da dukan tafin hannu. Aikin da a gareji ba zai ɗauki komai ba, a can sai da na riƙa cusa yatsuna kusa da inji don su dawo hayyacinsu, noti yana faɗuwa cikin tsakuwa ina lalube.

Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Motocin masu yawon buɗe ido suna wucewa, ana sauke gilashi, ana ɗaukata a waya. Baƙin mutum a durƙushe gefen hanya ya zama abin kallo. Wanda ya tsaya wani direban babbar mota ne, dattijo mai rawani. Ya sa dutse a bayan tayata, ya riƙe min babur, ya zuba min shayi a murfin filas. Ba mu ji yaren juna sosai ba. Allah ya saka masa, har yau ina tuna shi.

Daga nan sai lallaɓawa. Kuloci a tashi da tsayawa kawai nake taɓa shi, don kada sauran wayar ta zame. Canjin giya ba kuloci abu ne da ya kamata duk mai babur ya iya tun a fili. Za ka hau giya, ka ɗan danne sandar giyar da ƙafa a hankali, ka saki totur na ƙiftawar ido, za ta shige da kanta. Saukowa ya fi wuya: ka rage gudu sosai, ka ɗan bugi totur, ka taka a daidai lokacin. In ka yi da ƙarfi haƙoran giya ne za su biya. In kuwa ba waya gaba ɗaya, ka ta da inji a firi, ka gangara ko a tura ka, sai babur ya ɗan yi gudu ka jefa giya. Kafin tsayawa ka nemi firi tun da nisa, in ta ƙi ka kashe inji ka riƙe birki. Kada ka kuskura ka tsaya fuskarka na kallon hawa. Haka na haye mashigun Nakee La da Lachulung La, na gangara zangon Pang hannun hagu a kumbure. A can, cikin rumfunan masu abinci, wani mai faci ya ɗaura min kullutu mai sukurun matsewa, shi ya kai ni Leh. Wannan ɗan ƙarfen, da fulaya, da sifana mai lamba 10 da 12, ba na fita ba su yanzu ko cikin gari.

Da na mayar da babur, mai shagon ya yanke kuɗin waya da na gyara daga kuɗin ajiyata, yana cewa ni na lalata. Na yi magana, ya juya yare da yaransa suna dariya. Da farko ma fasfo ɗina ya so riƙewa jingina, na ƙi. Kai ma kada ka bar wa kowa fasfonka, ko wane ne.

Yanzu maganar zuwanka. Bizar ɗalibi ba ta ba ka damar aiki, don haka ka cire tunanin za ka yi 'yar sana'a ka sayi babur. Ni daga tallafin karatu na riƙa tsimi, ina cin shinkafa da wake nasu kullum, abokaina suna fita ina ɗaki, kafin na iya wannan tafiya, kuma sai bayan na kammala digirina da sakamakon da nake alfahari da shi. In bizarka ta wuce kwana 180, dole ka yi rajista da ofishin baƙi na FRRO cikin kwana 14 da sauka. Na ga yaranmu da suka yi wasa da wannan, ko suka bar biza ta ƙare, suna ɓuya a ɗaki kamar masu laifi. Neman gidan haya kuwa, a waya a ce akwai ɗaki, a ga fuskarka a ce an kama. A watan Maris na 2017 gungun mutane sun far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida kusa da Delhi, har cikin kantin zamani, duniya ta gani. Ba kullum haka take faruwa ba, amma kallon da ake yi maka a hanya kullum ne.

A hagu ake tuƙi a nan, ba dama irin namu ba. Kana buƙatar lasisi na gaske, da hular kwano. Baƙo ba ya shiga kwarin Nubra ko tafkin Pangong da ke gaba da Leh sai da takardar izini ta musamman. Layin waya na sa-kati da ka saya a wata jiha ba ya aiki a Ladakh, yankin da Leh take, tsakanin Sarchu da Pang kuwa ba sabis ɗin da za ka dogara da shi. Ba Yaya, ba Kawu, ba yaron gareji da za ka kira.

Karatu akwai shi, mai kyau, ga wanda ya zo dominsa. Ka nemi tallafin hukumar ICCR ta gwamnatin Indiya da kanka, ka rabu da dillalan da ke karɓar kuɗin Baba su jefa yara makarantun da ba a san su ba. Duk makarantar da aka ambata maka, turo min sunanta in bincika kafin a biya ko kobo.

Boxer ɗin da ke zauren Kawu ƙirar Bajaj ce, hedikwatarsu tana nan Pune inda nake zaune, kuma wayar kulocinta tsari ɗaya ce da wadda ta tsinke min. Ka saya masa sabuwa a kasuwa, ka je wajen bakaniken unguwa ya tsaya a kanka, ka cire tsohuwar ka sa sabuwar da hannunka, ka saita wasanta. Ka samu fili da safe ka koyi canjin giya ba kuloci. In ka yi, ka turo min bidiyon tare da sakamakonka na WAEC da hoton fasfo, sai mu fara cike takardu. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ina nan lafiya.